Agogo Mai Wayo: Ina Gaskiyar Awonsa Ta Tsaya?

Duk wanda ya shiga shagunan sayar da wayoyin hannu a Sabha cikin 'yan shekarun nan, ko a Gurda ne ko Mahdiyya ko Manshiyya, ba zai rasa ganin wani irin agogo da ake jerawa cikin gilashi kusa da caja da batura ba. Larabawa na kiransa sa'a zakiyya, wato agogo mai wayo. Bayan nuna lokaci, kwalinsa cike yake da alkawura: zai ƙirga maka taku, zai auna bugun zuciya, zai faɗi yawan iskar oksijin da ke cikin jininka, har ya gaya maka ko barcin da ka yi jiya ya wadatar. Wasu ma, musamman masu arahar nan da ba a san kamfaninsu ba, sukan ƙara da cewa suna awon hawan jini da sukari, ba allura, ba ɗigon jini.

Daga Sabha agogon ya bi titin da ya nufi arewa maso gabas ya shiga Wadi Bawanis. Ba abin mamaki ba ne ka gan shi a hannun mai ban ruwa a gonakin Tamanhint, ko mai hawan dabino a Samnu, ko direban da ke jigila tsakanin Zigan da birni. A cikin waɗannan akwai 'yan'uwanmu Hausawa, da waɗanda kakanninsu suka biyo ayarin fatake ta Agadas da Gat da Murzuƙ, da waɗanda suka zo neman halaliya daga Damagaram, Tawa, Maraɗi, Katsina ko Kano. Da abin ya tsaya ga ado, da ba mu ɓata takarda a kansa ba. Abin da ya sa muka ɗauko maganar shi ne akwai waɗanda suka mai da shi likitansu.

Ba kuma za a ga laifinsu ba. Binciken da hukumomin lafiya na Libiya suka gudanar tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2009 ya nuna cewa cikin mutanen da ke tsakanin shekara 25 zuwa 64, kimanin kashi 40 cikin 100 jininsu ya hau, kimanin kashi 16 kuma suna da ciwon sukari. Dukkan ciwukan biyu suna bukatar awo a kai a kai. To, mutumin da ke kwana a gona, wanda zuwa asibiti ke nufin asarar aikin yini guda da biyan kuɗin mota, ga shingayen bincike a hanya, wataƙila kuma takardunsa ba su cika ba, in aka ce masa ga abin da zai ɗaura a hannu ya raba shi da wannan wahala, ai sai ya saya. Daga Tamanhint zuwa Sabha kimanin kilomita 30 ne, Samnu da Zigan sun fi haka nisa, Tarabulus kuwa ta haura kilomita 700.

Abin da ke bayan agogon

Mai karatu, in kana da shi, cire shi ka duba bayansa. Za ka ga wata 'yar fitila kore tana ƙyaftawa. Jini ja ne, saboda haka yana shanye koren haske. Duk lokacin da zuciya ta buga, jini kan ƙaru a ƙananan jijiyoyin da ke ƙarƙashin fata, sai hasken da ke dawowa ya ragu. In ta saki, sai ya ƙaru. Wani ɗan ido da ke kusa da fitilar shi ke lura da wannan raguwa da ƙaruwa, agogon kuma ya ƙirga. A cikinsa akwai wata 'yar na'ura da ba ta fi ƙwayar dawa girma ba, aikinta jin motsin hannu. Masu tsada suna da ƙarin fitila ja da wata wadda ido ba ya ganin haskenta, domin awon oksijin, da kuma ƙarfen da ake ɗora yatsa a kai domin awon lantarkin zuciya.

Ke nan, mafi yawan abin da agogon ke gani da kansa haske ne da motsi. Sauran lambobin da yake cika fuskarsa da su lissafi ne da ƙiyasi, waɗanda aka gina a kan shekarunka da nauyinka da tsawonka da ka rubuta masa, da kuma jikin mutanen da kamfanin ya gwada shi a kansu. Gwargwadon nisan lamba daga abin da ya gani da idonsa, gwargwadon yawan kirdadon da ke cikinta.

A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka suka gwada agoguna bakwai na manyan kamfanoni, ciki har da Apple da Samsung da Fitbit, a jikin mutum 60. Aka sa su zama, da tafiya, da gudu, da tuƙa keke, ana kwatanta lambar agogon da ta na'urorin asibiti. A wajen bugun zuciya agogunan sun yi rawar gani, domin shida daga cikin bakwai kuskurensu bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Amma da aka zo ga kalori, wato yawan ƙarfin abinci da jiki ya ƙone, babu ko ɗaya da ya tsira. Wanda ya fi kowa ƙoƙari ya kauce da kashi 27 cikin 100, na ƙarshe kuwa da kashi 93. An ƙera sababbin agoguna da yawa tun daga lokacin, amma lambar kalori har yanzu ƙiyasi ce. Duk wanda ya ƙara malmalar tuwo ko faranti na makaroni saboda agogo ya ce ya ƙone kalori dubu, to, da zato ya ci abincinsa.

Shi ma bugun zuciyar, da sharaɗi yake fita daidai. Agogon yana son fata mai tsabta, maɗauri da ya kama hannu, da hannun da ba ya jijjiga. Mai sara da magirbi ko ɗaukar bulo, motsin hannunsa kan rikita hasken har agogon ya ɗauki saran a matsayin bugun zuciya. Gumi da ƙurar gibli sukan taru a ƙarƙashinsa. A daren hunturu, lokacin da sanyin Fazzan ke kusantar daskarar da ruwa, jini kan janye daga fata, sai fitilar ta rasa abin gani. Da rani kuma ga zafi: kamfanin Apple da kansa ya ce agogonsa na yau da kullum an yi shi ne ya yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, alhali kowa ya san yadda Yuni da Yuli ke haura 40 a wannan yanki. Kamfanin ya kuma yi gargaɗin cewa zanen tawada a fata na iya tare hasken. Mata kuma su lura, domin likitoci a Saudiyya sun taɓa gwada na'urar awon oksijin a yatsun da aka yi wa lalle, suka ga jan lalle bai hana ta aiki ba, amma baƙin ya hana.

Akwai wani abin dariya da ya faru a ƙasar Sin a 2018. Mutane suka riƙa ɗaura irin waɗannan na'urori a jikin naɗin takardar bayan gida, da ayaba, da kofin shayi, sai ga su suna nuna bugun zuciya. Dalili kuwa, an yi agogon ne ya nemo bugu a cikin hasken da ya dawo masa, in bai samu ba sai ya haɗa abin da ya yi kama da shi. Kowa na iya yin wannan gwaji a gida da ƙullin tsumma.

Batun baƙar fata

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi shafar mu. Sinadarin da ke sa fatarmu duhu, wanda ke kare mu daga zafin rana, shi ma yana shanye haske, musamman kore. Wato fitilar agogon sai ta ratsa labule mai kauri kafin ta kai ga jini, sannan ta sake ratsa shi a kan hanyar dawowa. Binciken Stanford ɗin nan ya lura cewa kuskure ya fi yawa a wajen masu duhun fata. Sai dai a 2020 wasu masana a Jami'ar Duke suka gwada mutum 53 masu launin fata daban daban, ba su ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin fari da baƙi a awon bugun zuciya. Abin da suka gani shi ne motsi ne ke ɓata awon, inda kuskure ya ƙaru da kimanin kashi 30 cikin 100 a lokacin aiki idan aka kwatanta da lokacin hutu. A nawa ganin, a kan bugun zuciya hankalinmu na iya ɗan kwanciya, musamman in mutum yana zaune.

A kan oksijin kuwa labari ya sha bamban, kuma daga asibiti ya fito. Duk wanda ya yi jinyar wani a zamanin korona ya san 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa. A watan Disamba na 2020 likitocin Jami'ar Michigan suka buga sakamakon kwatanta ta da awon jinin da aka ɗebo kai tsaye daga jijiya. Cikin marasa lafiyar da na'urar yatsa ta nuna oksijin ɗinsu tsakanin 92 da 96, wato ba wata damuwa, an samu cewa kashi 11.7 cikin 100 na baƙaƙen fata ainihin nasu ya faɗi ƙasa da 88. A wajen fararen fata kashi 3.6 ne. Fiye da ninki uku ke nan, kuma kuskuren ya karkata ne ta gefen da ya fi haɗari, domin na'urar na cewa lafiya lau alhali mutum na bukatar a sa masa iska. Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, wato FDA, ta fitar da gargaɗi a kan haka a Fabrairun 2021, sannan a Janairun 2025 ta fito da daftarin ƙa'idojin da ke neman a riƙa gwada waɗannan na'urori a kan fata iri iri kafin a sayar.

To, in wannan ne halin na'urar asibiti, wadda haskenta ke ratsa yatsa ya ɓulla ta ɗaya gefen, ina ga agogo, wanda ke dogara da ɗan hasken da ya dawo daga bayan wuyan hannu? Manyan kamfanonin ma sukan rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa awon oksijin ɗin nasu ba na jinya ba ne. In yaro ko tsoho na numfashi da ƙyar, ko leɓunansa da harshensa sun canza launi, kada lambar 97 a fuskar agogo ta hana a nemi mota.

Hawan jini da sukari

Abin takaici, abubuwa biyun da mutanenmu suka fi sayen agogon dominsu su ne inda ya fi rauni.

Na'urar awon jini ta asibiti matse damtse take yi har jini ya tsaya, sannan ta saki a hankali tana lura da matsin da jinin ya fara wucewa. Awo ne na zahiri. Agogon da ba ya matse hannu ba ya yin wannan. Siffar hasken da ya dawo yake kallo ya yi ƙiyasi. Kamfanin Samsung, wanda ya samu amincewar hukumomin Koriya ta Kudu a 2020, ya shar'anta cewa sai an daidaita agogonsa da na'urar damtse kowane mako huɗu, in ba haka ba lambarsa ba abin dogaro ba ce. Kamfanin Huawei ya bi wata hanya, ya sa 'yar jakar iska a cikin maɗaurin agogonsa mai suna Watch D, wadda ke kumbura ta matse wuyan hannu. Apple kuwa, da ya fito da nasa a Satumban 2025, bai yarda ya ba da lamba ba sam. Agogon kan tattara bayanai na kwana 30, in ya ga alamar hawan jini sai ya ce je ka a auna ka, kuma gwajin kamfanin da kansa ya nuna ba ya gano ko rabin masu ciwon.

Idan kamfanonin da suka kashe dukiya mai yawa a kan bincike suna takatsantsan haka, mai karatu sai ya tambayi kansa, ta wace hanya agogon da aka saya da kuɗin cefanen kwana biyu ya san jininsa cikin daƙiƙa goma? Ga wani misali da ya kamata a riƙe. A 2016 likitocin Jami'ar Johns Hopkins suka gwada wata manhajar wayar hannu mai suna Instant Blood Pressure, wadda mutane sama da dubu 100 suka saya da kuɗinsu. Cikin kowane mutum biyar da jininsu ya hau da gaske, kusan huɗu ta gaya musu jininsu daidai yake. Hawan jini ciwo ne da ba ya sallama. Mutum kan yi shekaru da shi ba ciwon kai ba jiri, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta gaza. Wanda ya ajiye ƙwayarsa saboda agogo na nuna masa 120 bisa 80 kowace safiya, ya jefa kansa cikin haɗarin da ya fi na wanda bai taɓa awo ba, domin shi wancan aƙalla ya san bai sani ba.

Maganar sukari ta fi wannan gajarta. A ranar 21 ga Fabrairu, 2024, hukumar FDA ta gargaɗi jama'a da kada su yi amfani da wani agogo ko zobe da ke da'awar awon sukari ba tare da huda fata ba, ta kuma ce ba ta amince da ko ɗaya ba, kowane kamfani ne ya yi shi. Abin da ke rikita mutane shi ne akwai na'urori na gaskiya, irin su FreeStyle Libre da Dexcom, da ake mannawa a damtse ko ciki, masu wani siririn zare da ke shiga ƙarƙashin fata. Su ne ke awon, agogo kuwa nuna lambar kawai yake yi in an haɗa su. Agogon da ya zo shi kaɗai a kwali ya ce ya san sukarinka, ƙirƙira yake yi.

Ga mai yin allurar insulin, lambar ƙarya na iya zama ajali. In ta nuna sukari ya hau alhali ya sauka, mutum ya ƙara allura, sai suma ta biyo baya, a gonar da ba kowa kusa. A yankin da shayi ba ya shiga baki sai da sukari mai yawa, ga dabino a lokacin kaka, ga azumi a ranaku masu tsawo, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ƙa'idojin da ƙungiyar masana ciwon sukari ta duniya ta tsara game da azumin Ramadan sun ce mai ciwon ya sha ruwa in sukarinsa ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300. Irin wannan hukunci sai da awon ɗigon jini.

Kada a ce mun yi wa agogon rashin adalci. Akwai wani ciwo na rikicewar bugun zuciya, inda ɓangarenta na sama ke karkarwa maimakon bugawa, wanda kan sa jini ya daskare ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. A nan agogo mai inganci ya taimaki mutane. A binciken da Stanford ta yi da Apple, wanda aka buga a 2019, mutum 419,297 suka shiga, 2,161 suka samu saƙon gargaɗi. Cikin 450 da aka bi su da na'urar likita ta kwanaki, an tabbatar da ciwon a jikin kashi 34 cikin 100. Gargaɗin dai ƙwanƙwasa ƙofa ne, likita ke da ta cewa. Haka kuma kamfanin ya faɗa a fili cewa agogonsa ba ya gane toshewar jijiyar zuciya. Wanda ya ji nauyi a ƙirji yana gangarawa hannu ko muƙamuƙi, ga gumi mai sanyi, asibiti ya kamata ya nufa, ko da agogon ya ce bugunsa 75.

Ƙirgan taku kuwa ba ya cutar da kowa, sai dai ya ba da dariya. Direban da ya bi hanyar burji a cikin Toyota zai sauka da dubban taku bai taka ƙasa ba. Matar da ta yi daka ko wanki ta cika adadinta tun da hantsi, alhali wanda ya yini yana tura baro, hannunsa a kafe a kan mariƙi, agogon na iya cewa bai yi komai ba. Ita ma taku 10,000 da ake ta ambato ba daga likita ta samo asali ba. Sunan wata na'urar ƙirgan taku ce da kamfanin Yamasa na Japan ya fitar a 1965, mai suna manpo-kei, ma'ana ma'aunin taku dubu goma. Wani bincike na Jami'ar Harvard a 2019, a kan tsofaffin mata sama da 16,000, ya ga amfanin tafiya ya fara bayyana tun daga wajen taku 4,400 a rana, ya kuma daidaita a wajen 7,500. Ma'aikacin gona ba ya bukatar agogo ya shaida masa cewa ya motsa jiki. Masu zaman shago da masu gadi su ne lambar za ta iya zaburarwa.

Mai son sanin matsayin nasa agogon ba sai ya je Tarabulus ba. Ya zauna ya huta minti biyar, ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ya ƙirga bugu na daƙiƙa 30 ya ninka biyu, ya kwatanta da abin da agogon ya nuna. Ranar da ya shiga gari kuma, ya tsaya a saidaliyya a auna masa jini da na'urar damtse, ya duba lambar agogon a daidai wannan lokacin, ya maimaita haka a wata rana. Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar jini ya hau in an samu 140 bisa 90 ko fiye a ranaku biyu daban daban.

Ga ma'aikatan da ke zaune tare a gona ɗaya, karo-karo ya ishe su sayen na'urar damtse guda mai batir, da littafin da kowa zai riƙa rubuta lambarsa da kwanan wata domin nuna wa likita. A auna a zaune, baya a jingine, damtse daidai da ƙirji, ba bayan shayi ko taba ba. Na'urar sukari ma ana iya tarayya a kanta, amma abin huda yatsa kowa da nasa, saboda ciwon hanta da sauran cututtukan da jini ke ɗauka. Tsinkayen awon kuma zafi na lalata su, yawancinsu an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30. A rufe kwalbarsu da kyau, a ajiye ta a inuwa kusa da randa, kada a bar ta a gaban mota ko a ɗakin kwano da tsakar rana.